Moustapha Alassane: Makanikin da Ya Mai da Kwaɗi Taurarin Fim

A shekarar 2016, lokacin ina firamare, babu hirar da ta kai ta ƙauyen fim tashe a yankinmu. Gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar za ta gina katafariyar cibiyar shirya fina-finai a garin Kofa da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji, a kan kuɗi kimanin naira biliyan 3. Wasu suka yi murna saboda ayyukan yi da suke hange. Malamai da iyaye da dama kuma suka nuna rashin amincewarsu saboda tsoron abin da zai biyo baya ta fuskar tarbiyya. Ba a jima ba gwamnati ta janye maganar.

Mu yara ba mu fahimci zurfin muhawarar ba. Abin da ya zauna mana a rai kawai shi ne, ashe fim harka ce ta biliyoyin naira da manyan gine-gine, saboda haka ɗan Kiru ko ɗan Doguwa sai dai ya yi kallo. Da wannan tunanin na gama sakandare. Sai da na shiga jami'a, wata rana wani malaminmu ya kunna mana wani tsohon fim baƙi da fari, tsawonsa minti biyar kacal, babu mutum ko ɗaya a ciki sai kwaɗi da aka zana da hannu. Ajin ya yi ta dariya. Da aka gama ya ce mana wanda ya yi fim ɗin maƙwabcinmu ne, ɗan Jamhuriyar Nijar, ya yi shi tun 1966, kuma asalin sana'arsa kanikanci.

Sunansa Moustapha Alassane kamar yadda ake rubutawa da Faransanci, mu kuwa da mun ce Mustafa Alhassan. Labarinsa nake so in ba ku a wannan makon, musamman ku ƙannena da kuke ɗaukar bidiyo da wayar yayyenku kuna mafarkin zama daraktoci.

Yaron da ya fara da fitila

An haifi Moustapha Alassane a 1942, lokacin Nijar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Tun yana yaro Allah ya ba shi baiwar zane. Kafin ya taɓa riƙe kyamara, yakan zana mutane da dabbobi, ya haska su da fitila da daddare, siffofinsu su fito suna motsi, yara su taru suna kallo yana ba su labari. Duk wanda ya taɓa haɗa yatsunsa a gaban aci-balbal ya fitar da inuwar kare ko zomo a bango ya san mafarin wannan wasa. Bambancin kawai, shi bai daina ba da ya girma.

Ya koyi aikin makaniki, kuma wannan sana'a ta yi masa rana daga baya, domin mutumin da ya saba kwance inji ya mayar ba ya tsoron na'ura. A birnin Yamai ya samu shiga wata cibiyar binciken al'adu, inda ya haɗu da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch. Shi Rouch ya zo Nijar ne a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma ɗaukar fina-finai a kan rayuwar mutanen bakin kogin Kwara. A Nijar ɗin ma ya rasu a 2004, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni. A wurinsa Moustapha ya fara sanin yadda ake sarrafa kyamara.

Nijar ta samu 'yancin kai a ranar 3 ga Agustan 1960. Bayan shekara biyu, a 1962, Moustapha yana ɗan shekara 20 ya fitar da gajeren fim ɗinsa mai suna Aouré. Ku karanta sunan da ƙarfi za ku ji kalmarmu ce, aure. Fim ɗin ya nuna yadda saurayi da budurwa suka haɗu a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogi har aka kai ga biki. Masana tarihin fim suna lissafa shi cikin fina-finan farko da ɗan Afirka ta Yamma ya shirya da kansa a ƙasarsa. Ya riga Borom Sarret na Ousmane Sembène ɗan Senigal fitowa da shekara ɗaya, ya kuma riga Turmin Danya, fim ɗin bidiyo da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, da shekara 28.

A waɗannan shekarun ya yi wani gajeren fim ɗin, La Bague du roi Koda, wato Zoben Sarki Koda. Tatsuniya ce ta wani azzalumin sarki da ya ba wa wani masunci ajiyar zobe bisa sharaɗin in ya ɓata a bakin ransa, sannan ya zagaya ya sa aka sato zoben aka jefa a kogi. Sai ga shi masuncin ya tsinci zoben a cikin kifin da ya kama. Ku lura, bai je nesa neman labari ba. Bikin aure da tatsuniyar kaka su ne jarinsa na farko.

Ɗan Birtaniyan da ya koya masa zane mai motsi

Da taimakon Rouch, Moustapha ya samu tafiya ƙasar Kanada, inda ya zauna a hukumar fina-finai ta ƙasar a birnin Montiriyal. A can ya haɗu da mutumin da ya buɗe masa ido a kan zane mai motsi, wanda muke kira katun. Sunansa Norman McLaren.

McLaren ɗan Birtaniya ne, an haife shi a 1914 a garin Stirling na yankin Sikotland. Ya yi karatu a makarantar koyon zane ta birnin Glasgow. Lokacin yana ɗalibi yana son yin fim amma ba shi da kyamara. Sai ya samo tsohon zaren fim, wato doguwar ledar nan da ake ɗaukar hoto a kanta a wancan zamani, ya wanke hotunan da ke jiki, ya riƙa yin zane kai tsaye a kan ledar. Da aka saka a majigi sai zanen ya yi motsi. A 1941 ya koma aiki a Kanada, kuma kusan duk rayuwarsa gajerun fina-finai ya yi, har ya rasu a 1987.

Fim ɗinsa da ya fi shahara shi ne Neighbours, wato Maƙwabta, na 1952, mai tsawon kimanin minti takwas. Maƙwabta biyu ne suna zaman lafiya, kowa a ƙofar gidansa yana karanta jarida. Sai fure guda ya tsiro a tsakaninsu. Wannan ya ce a filinsa yake, wancan ya ce a nasa. Aka kafa shinge, aka tumɓuke itacen shingen aka mai da shi makami, har suka hallaka juna, furen ma ya sha tattaka. Babu wanda ya furta kalma ɗaya a cikinsu, amma duk wanda ya taɓa ganin rigimar iyakar gona a gaban mai unguwa zai gane saƙon nan take. McLaren ya yi shi ne lokacin ana yaƙin Koriya, don ya nuna wautar yaƙi. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 1953. A 1955 kuma wani gajeren fim nasa, Blinkity Blank, wanda ya yi ta hanyar karce jikin ledar fim, ya ci babbar kyautar gajerun fina-finai a bikin birnin Cannes na Faransa.

Ku duba yadda hali ya zo ɗaya. Malamin ya fara da tsohuwar leda saboda rashin kyamara, ɗalibin ya fara da fitila saboda rashin sinima. Shi ya sa abin da Moustapha ya ɗauko daga Kanada ya dace da ƙasar da ba ta da kuɗin fim: dabarar yin aiki da hannu, hoto ɗaya bayan ɗaya, da haƙuri.

Kwaɗi masu siyasa

Sakamakon wannan tafiya shi ne La Mort de Gandji, wato Mutuwar Gandji, katun na 1965 wanda taurarinsa kwaɗi ne. Ya samu kyauta a babban bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966.

A wannan shekarar ta 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, wato A Sauka Lafiya Sim, wanda shi ne malaminmu ya nuna mana. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, aka gayyace shi ziyarar aiki a wata ƙasa. Sai ka ga kwaɗo ya hau jirgin sama, an tarbe shi da fareti, ana ta gaisuwar ban girma da kumbura wuya. A lokacin ƙasashen Afirka ba su daɗe da samun 'yanci ba, kuma sababbin shugabanni suna ta kwaikwayon bukukuwan Turawan da suka tafi. Fitowa fili a yi musu dariya abu ne mai haɗari. Amma wa zai kama kwaɗo? Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun daɗe suna ɗora wa Gizo da Ƙoƙi da kura halayen mutane, a yi dariya, mai hali kuma ya ji a jikinsa.

Akwatin kayan kaboyi

Fim ɗinsa da na fi so ku nema ku kalla shi ne Le Retour d'un aventurier, wato Dawowar Ɗan Yawon Duniya, shi ma na 1966, mai tsawon minti talatin da 'yan kai. Wannan da mutane aka yi shi. Wani saurayi ne mai suna Jimi ya dawo ƙauyensu daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi: malafa, da takalma, da bindigogi. Ya rarraba wa abokansa tsaraba. Kowa ya saka, ya ajiye sunan da aka raɗa masa ya ɗauki irin na fina-finan Amurka, wannan Black Cooper, wancan James Kelly, budurwar cikinsu kuma ta zama Sarauniya Christine. Suka hau dawakai suna kwaikwayon abin da suka gani a sinima, suna caca da faɗa da raina manya, har wasan ya rikiɗe ya zama tashin hankali na gaske a garin.

An yi wannan fim tun 1966, amma ku cire malafar kaboyi ku sa waya a hannun Jimi, za ku ga kamar jiya aka ɗauke shi a unguwarku. Yau akwatin tsarabar TikTok ne da YouTube. Yaro ya ga wani a wata ƙasa yana wata irin rawa ko yana tsokanar dattijo don a yi dariya, gobe shi ma ya fito ya yi, ya sauya suna, ya sauya tafiya. Abin lura shi ne, Moustapha da kansa mai son fina-finan kaboyi ne, har ya ari salonsu, da dawakai da komai. Sai dai ya yi amfani da abin aron ne ya tambayi mutanensa: idan muka sa rigar wani, mu kuma su wa muka zama? Aron salo don ka faɗi naka labarin daban, kwafar labarin wani ka manta naka daban.

Wadda ta fito a matsayin Sarauniya Christine ita ce Zalika Souley, wadda ake ɗauka a matsayin ƙwararriyar 'yar wasan fim ta farko a Nijar, ta rasu a 2021. Ta sha tsangwama daga mutanen da suka kasa bambance halin da ta fito da shi a fim da halinta na gaske. Wannan ma darasi ne ga mai shirya fim: mutanen da ka sa a gaban kyamara za su ci gaba da rayuwa a cikin jama'a bayan ka kashe ta.

Komawa Tawa

Daga baya Moustapha ya yi dogayen fina-finai. A 1972 ya fitar da FVVA, haruffan farko na kalmomin Faransanci huɗu masu nufin mace, da gida, da mota, da kuɗi. Labarin wani ƙaramin ma'aikaci ne da son burga ya kai shi ga taɓa kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a gidan yari. Ya kuma yi Toula tare da wata Bajamushiya, Anna Soehring, daga wani labari na marubucin Nijar Boubou Hama a kan fari da neman ruwa. A wannan zamanin Nijar tana sahun gaba a fim ɗin Afirka, domin a 1972 ɗan ƙasar, Oumarou Ganda, shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na birnin Wagadugu.

Duk da haka bai saki gajeren fim ba. A 1977 ya yi Samba le grand da 'yan tsana masu launi. Daga baya ya yi Kokoa, kuma nan ma in kun karanta da ƙarfi za ku ji kokawa ce: dandalin kokawar gargajiya, da makaɗa da 'yan kallo, sai dai 'yan wasan kwaɗi ne da sauran ƙananan dabbobi da ya ƙera da hannunsa. Ya shugabanci sashen fim a Jami'ar Yamai na tsawon shekara 15. Sannan ya koma garin Tawa a ƙasar Adar, cikin Hausawa, inda ya mai da wasu ɗakunan otal ɗinsa wurin aiki. Da kwamfuta ta zo, yana dattijo ya zauna ya koyi yin katun da ita.

A 2007 Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa a lokacin bikin Cannes. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, ya bar fina-finai kusan 30. A 2017 babban gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya ware kwanaki yana nuna ayyukansa. Allah ya jiƙansa. Abin takaici, Turawa na tururuwar kallon kwaɗinsa, mu da muke maƙwabtansa yawancinmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba.

Mene ne gajeren fim?

A ƙa'idar masu ba da kyautar Oscar, gajeren fim shi ne wanda bai wuce minti 40 ba. A gasar Cannes kuwa ba a karɓar wanda ya wuce minti 15. Yawancin manyan daraktocin duniya da shi suka fara, saboda kuskure a fim ɗin minti biyar ba ya cinye jari, kuma yana tilasta maka ka san ainihin abin da kake son faɗa. Wanda ya kasa riƙe hankalin mai kallo na minti uku, ba zai iya riƙe shi na awa biyu ba ko da an ba shi kyamarar miliyoyi.

Shi kuma zane mai motsi, sirrinsa lissafi ne. Fim jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa da sauri, a sinima hoto 24 a kowace daƙiƙa, sai ido ya haɗa su ya ga kamar motsi. Masu katun sukan yi zane 12 a daƙiƙa, a nuna kowanne sau biyu. Ke nan minti ɗaya yana cin zane 720, minti biyar kuma 3,600. Ku tuna da wannan lissafin in kun ga kwaɗon Moustapha yana ɗaga hannu.

Abin da muka gwada a hutu

A hutun da ya wuce na ce bari in gwada da ƙannena biyu. Na sauke wata manhaja ta kyauta da ke haɗa hotuna su zama bidiyo. 'Yan wasanmu murafun kwalbar lemo ne guda biyu, ja da kore, labarin kuma mun aro ƙashinsa daga McLaren: suna rigima a kan ƙwayar gyaɗa ɗaya. Muka tsara daƙiƙa 30, hoto 10 a kowace daƙiƙa, wato hoto 300. A matsar da murfi kaɗan, a cire hannu, a ɗauka, a sake matsarwa.

Ranar farko asara muka yi. Na riƙe wayar a hannu, sai hoton ya fito yana rawa kamar an ɗauka a bayan a-kori-kura. A tsakar gida muka yi, rana tana tafiya, inuwa tana sauya wuri, fim ɗin ya riƙa haske yana duhu. Muna wajen hoto na 150 kuma kazar gidanmu ta zo ta tsince gyaɗar, ta tafi da babban jigon labarin a cikinta.

Washegari muka koma zaure, muka rufe ƙofa, muka kunna fitilar sola don haske ya tsaya wuri ɗaya. Wayar kuma muka ɗaure ta da roba a jikin kujera. Awa uku muka yi. Ƙanwata ce ta yi muryoyin, ƙanena ya yi kiɗa da cokali da kwano. Da daddare muka nuna wa mutanen gida. Kakarmu ta sa aka maimaita mata sau uku, tana dariya, ta ce ai ta gane su, su wane da wane ne da suka shekara suna shari'a a kan bishiyar ɗorawa. Mu ba su muke nufi ba, amma a nan na gane labarin ya isa inda aka aike shi. Daga nan ta shiga ba mu labarin majigi, motar da takan zo gari a zamanin da, a kafa farin ƙyalle a fili a nuna fina-finan wayar da kai irin su Baban Larai.

Labaran da ke ƙofar gidanmu

Tambayar da za ku yi ita ce, to mu wane labari gare mu? Ku ɗaga kai ku duba.

Ɗan Bebeji yana da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Akwai dattawan da suka san wurin kafin ruwa ya rufe shi. Minti biyar na hira da ɗaya daga cikinsu, da hoton masunta suna fitowa da asuba, fim ne cikakke. A Bebejin dai aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, wanda ya yi fataucin goro har ƙasar Gwanja kafin ya zama hamshaƙin attajiri. Ana iya ba da labarin ayarin fatake da tsakuwa da kara da taswirar da aka zana a ƙasa.

Ɗan Kiru yana da Kwanar Ɗangora, inda motoci ke tsayawa dare da rana. Bi mai shayi ɗaya, da izininsa, daga hura wuta zuwa wanke kofuna. Ɗan Tudun Wada ya bi ƙwayar shinkafa daga gona zuwa tukunyar turara ta, zuwa inji, zuwa buhu a kasuwa, ya nuna hannu nawa ta ratsa kafin ta zo faranti. Ɗan Doguwa yana da duwatsun Riruwai da tarihin haƙar kuza, da tsofaffin da suka yi aikin da hannunsu. Waɗannan dattawan ba za su dawwama ba. Duk wanda ya tafi ba a ɗauki muryarsa ba, ya tafi da abin da babu littafin da ya rubuta.

Wani daga Legas ko Landan zai iya zuwa da kyamara mai tsada, amma bai san wace tsohuwa ce ta iya waƙar daɓe ba, kuma ko ya sani ba za ta sake da shi kamar yadda za ta sake da jikanta ba. Wannan ita ce riba ɗaya da kuke da ita a kan kowa.

Kafin ku ɗauki waya

Damuwar da iyaye da malamai suka nuna a 2016 ba abin wasa ba ce, kuma hanyar amsa ta ita ce aiki mai tsabta. Saboda haka ga wasu ƙa'idoji.

Na farko, rubuta labarin a takarda kafin komai. In ba za ka iya faɗarsa a jimla biyu ba, bai nuna ba tukuna. Na biyu, kada ka ɗauki kowa sai da izininsa, yara da 'yan mata kuma sai da izinin iyayensu. A makaranta a nemi yardar shugaban makaranta, kuma ya fi kyau a yi aikin a ƙarƙashin ƙungiyar wasan kwaikwayo ko ta 'yan jarida, da malami mai sa ido. Na uku, kada a wulaƙanta wani don neman dariya. Na huɗu, idan zuciyarka ba ta kwanta da zana ko ƙera mai rai ba, tambayi malaminka na Islamiyya, kuma ka sani murfin kwalba da silifa da totuwar masara duk suna iya zama 'yan wasa. Na biyar, kada sha'awar hoto mai kyau ta kai ku dajin Falgore ko bakin ruwa mai zurfi ba tare da manya ba. Na shida, sauti ya fi hoto saurin ɓata fim, don haka ku matso kusa da mai magana, ku guji iska da ƙarar janareta. In kuma abin ya girma har ya zama na kasuwa, akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da dokokinta, sai a bi.

Kada kuma fim ya cinye karatu. Darakta yana buƙatar Hausa da adabi don gina labari, da lissafi don ƙirga hotuna da kuɗi, da kimiyya don sanin haske da sauti, da Turanci ko Faransanci don aika aikinsa gasa. Mai son ya mai da abin sana'a, akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024. Sai da sakamakon jarrabawa mai kyau ake shiga.

Ƙauyen fim na Kofa bai tabbata ba, kuma babu wanda ya san ranar da za a sake irin wannan magana. Moustapha Alassane bai jira an gina masa komai ba. Wayar da ke gidanku a yau ta fi duk kyamarar da ya yi Aouré da ita sauƙin sarrafawa, ba ta kuma buƙatar a aika leda Turai a wanko. A hutun nan mai zuwa, ku haɗu ku uku ko huɗu, ku zaɓi labari ɗaya na garinku, ku yi masa minti ɗaya. Ku fara nuna wa kakarku. In ta ce a maimaita mata, kun kama hanya. Sai dai ku tuna ku kulle kaji kafin ku fara.